Shida a Waje, Biyu a Ciki

Yayana Bahago shekara talatin da ɗaya ya yi a kan rufin mutane, kuma ban taɓa jin ya ce wash ba sai a shekarar ƙarshe, ita ma sai da ya ɗauka ba kowa a kusa. Ni ne ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ne kuma mai riƙe masa igiya daga ƙasa. Yau ina da furfura a gemu, na aurar da 'ya, amma har gobe Auta yake ce mini, ko a gaban surukina ne.

Sunan Bahago tun yana yaro ya bi shi. Baba ya yi ta buge masa hannun hagu a bakin kwano har ya koyi cin abinci da dama, amma nan dokar ta tsaya. Guduma, zarto, igiyar awo, duk da hagu yake riƙe su. Idan aka tsokane shi sai ya ce shi hannayensa sun raba aiki ne tun tuni, na hagu ya nemo, na dama ya ci, kuma ba su taɓa faɗa ba.

Aikinmu sauke tsohon rufi ne da ɗora sabo. Kashi biyu ne mu: 'yan sama da 'yan ƙasa. 'Yan ƙasa su miƙa kwano, su ja igiya, su kwashe ɓaraguzai. 'Yan sama su ne masu yanka da ɗauri, su ne kuma ake gaisarwa da farko idan mai gida ya zo duba aiki. Ni tun da na taɓa leƙa ƙasa daga bene na uku jiri ya ɗebe ni, na san matsayina, ban sake gardama da kowa ba. Bahago kuwa a sama yake shan shayinsa. Zai zauna a kan katako mai faɗin tafin hannu, ƙafafu na reto, yana leƙo ni yana cewa, "Auta, yaya mutanen ƙasa? Ka gaida su."

Da zarton hannu muka fara. Daga baya aka koma na lantarki, ga janareta na ihu a ƙasa, ga doguwar waya na harɗe ƙafar mutum a sama. Da injinan batir suka shigo, tsofaffin kafintoci suka taɓe baki suka ce kayan wasan yara ne. Bahago kuwa kasuwa ya nufa. Ya samo zarto mai dogon baki, irin mai kai da komowa, da injin ɗaure kwano, da batir iri uku, ya yi wata guda yana bincikensu kamar mai neman aure a gidan da bai sani ba.

Su batir ɗin, da lambar da ke jikinsu muke kiransu: Biyu, Huɗu da Shida. Biyu ɗan siriri ne, ba ka ma jin yana hannunka. Shida kuwa ƙato ne, kamar rabin bulo. Wata rana ya kira ni ɗakinsa, na tarar ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya farke matattun batir guda uku da ya roƙo. A cikin Biyu akwai 'ya'ya biyar, kowanne kamar ɗan yatsa. A cikin Huɗu goma. A cikin Shida goma sha biyar.

Ya ce, "Ka gani? Idan aikin mai sauƙi ne, duk ɗaya suke juya inji, ba za ka bambanta ba. Amma ɗauki katakon da mutum goma sha biyar suke ɗauka ka aza wa mutum biyar. Za su ɗaga, har su yi taku goma suna dariya. A na sha ɗaya za su yar maka da shi a ƙafa."

Na ce to ai akwai fitilu huɗu a jiki masu nuna caji.

Ya ce, "Fitilar nan maƙaryaciya ce. Tana gaya maka abin da batir yake da shi yana hutawa. Ba ta gaya maka abin da zai iya idan an matse shi. Ƙaramin batir in ya haɗu da katako mai tauri zafi yake ɗauka, in ya ɗau zafi kuma sai ya ɗauke ɗif, ba sallama."

Daga nan ya kafa doka, kuma duk wanda ya yi aiki da mu ya haddace ta. Biyu na ɗaure kwano ne. Huɗu na yanka ƙananan katakai ne. Uwar katako, wato babban katakon da ya ɗauki nauyin rufin duka, ba a tunkararta sai da Shida. Na ga ranar da ya sauko da wani ƙato daga tsani da kwalar riga, ya kore shi daga wurin aiki, don kawai ya hau da Biyu zai yanka uwar katako. Mutumin yana rantsuwa batirinsa a cike yake, Bahago yana nuna masa ƙofa.

Ba zafin kai ne kawai ba, dokar tana da dalili. Idan za a sauke uwar katako, ɗaure ta ake yi da igiya ta cikin kura, wato ƙarfen nan mai juyawa da igiya ke bi ta kansa, mu biyu mu riƙe a ƙasa. Mai yanka ya tsaya a kan dandamali kusa da bango, ya ɗaga zarto sama da kansa, ya yanka a numfashi ɗaya. In ya ratsa ta tsaf, sai ta rabu da bango ta bi igiya, mu sauke ta a hankali. In kuwa zarto ya tsaya a hanya, nauyi zai sa ta cije bakin zarton, ragowar da ba a yanka ba ta tsage, ta murɗo inda ta ga dama. Mafi yawanci kuma inda take ganin dama shi ne inda mai yanka yake tsaye. Shi ya sa doka ta biyu ta ce, in zarto ya maƙale, sake shi ka ja da baya. Bahago yakan ce, "Zarto ba ɗan'uwanka ba ne, kada ka tsaya ceton sa."

Matar Yaya ce ta fara gaya mini zancen ciwon kafaɗarsa. Ta tare ni a bakin ƙofa wata safiya, tana waige-waige, ta ce mutumin nan fa riga ma sai ta sa masa. Ta ce da ƙyar ta ja shi asibiti, likita ya duba ya ce jijiyar kafaɗar hagu ta cinye, kada ya sake ɗaga abu mai nauyi sama da kansa. Ta ce ka san abin da yayanka ya ce wa likita? Ya ce to da ƙafa zai riƙa yanka? Ta roƙe ni kada in nuna na ji. Na ce ba zan nuna ba, amma daga ranar idona bai sake barin hannun nan ba. Na ga yadda yake rawa idan zarto da Shida suna sama. Na ga yadda yake sauke shi ya tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun, yana yi kamar susa yake.

Dole in faɗi abin da yake tsoro, don ba ciwo ba ne. Ɗan kwangilar da muke yi wa aiki, Oga Agogo muke ce masa a bayan idonsa, saboda ba ya minti biyar bai dubi tsintsiyar hannunsa ba. Ba mugu ba ne, wallahi ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa korar tsohon ma'aikaci ba. Abin da yake yi ya fi kora ciwo. In ya ga ɗan sama ya rage sauri, sai ya sauko da shi ƙasa, ya ba shi bokiti ya riƙa tsintar tsofaffin ƙusoshi yana miƙar da su a kan dutse. Haka ya yi wa Baba Mai Guduma, wanda ya koya wa Bahago aiki. Mutumin da a da in ya yi tari a sama kowa ke shiga taitayinsa, sai ga shi a tsugune a gindin bango yana ƙwas-ƙwas, waɗanda ya koya wa riƙe guduma suna aikensa ya miƙo musu ruwa. Bahago ya daɗe yana kallonsa daga sama wata rana, da muka tashi ya ce mini, "Auta, ni dai gara a sauko da ni a kwance da in riƙe bokitin nan."

Na ce ya daina irin wannan magana. Ya ce ya daina.

Kwatsam sai na ga ya samu sauƙi. Hannu ya daina rawa, zarto na tashi sama kamar dā, har tsokanar mutanen ƙasa ta dawo. Na yi murna, na ce maganin likita ya karɓe shi. Abu ɗaya ne kawai ya sauya: ya shafa wa Shidansa jan fenti a gindi, ya ce nasa ne shi kaɗai, kada wanda ya taɓa. Shi yake sa shi a caji, shi yake cire shi, jakarsa ma ya daina ba ni in riƙe. Ban kawo komai a raina ba, don dama mutum ne mai iko da kayansa.

Ruwan sama ne ya tona. Wata la'asar hadari ya taso ba shiri, kowa na gudun kwashe kaya, shi kuma yana can ƙarshen rufi yana danne leda. Na ga zartonsa a kan dandamali ruwa zai taɓa shi, na hau matakala uku na fizgo. Ka san yadda in ka ɗauki tulu kana zaton a cike yake, ashe ba komai a ciki, hannunka yake tashi sama? Haka hannuna ya yi. Na cire batirin, na juya shi. Lamba shida ce a jiki, ga jan fenti, ga girma, amma nauyin na Biyu ne. Na girgiza, ba abin da ya yi motsi a ciki. Na mayar da shi na ajiye zarton inda na ɗauka, na bar shi ruwa ya ɗan taɓa, don kada ya gane.

Washegari na tafi wurin mai gyaran batirinmu, wanda ake kira Tartsatsi. Shagonsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, mutum biyu ba sa tsayawa a ciki, ga warin ƙonanniyar dalma, ga matattun batir cike da baho. Ban ko zauna ba.

Na ce, "Me ka yi wa batirin Yaya?"

Ya ci gaba da liƙa waya kamar bai ji ba. Na buga teburin, ƙananan sukurori suka watse.

Ya ce, "Haba, mutumina, a hankali mana. Shi ya kawo da kansa. Ya ce in cire 'ya'ya goma in bar biyar, in cusa soso a gurbin don kada ya riƙa ƙara."

"Kai kuma ka yi?"

"Na gaya masa, wallahi na gaya masa. Na ce wannan fa Biyu ne a cikin rigar Shida, kada ya kai shi ga aiki mai nauyi. Ya ce shi zan koya wa batir? Ya ce in yi aikina in rufe bakina. Yo kai ka taɓa iya musu da shi?"

Na zage shi tas, na ce da shi da shagon Allah ya sawwaƙe, na fito. Amma tambayarsa ta biyo ni har titi, don gaskiya ya faɗa, ban taɓa iyawa ba.

Duk nauyin da aka rage bai cika kilo ɗaya ba. Wanda bai taɓa riƙe inji sama da kansa tun safe har la'asar ba zai ce wannan ai ba komai ba ne. Ga kafaɗar da ta cinye kuwa, shi ne bambancin sama da bokiti. Na gane dabarar sarai. Da ya hau da Biyu a fili, kowa zai gani, don shi ya kafa dokar, kuma Oga Agogo ma ya san ta. To sai ya sa wa Biyu babbar riga.

A ranar nan da yamma na nufi gidansa da niyyar in yi magana. Na shirya kalmomina tun a hanya. Na tura ƙofar tsakar gida, sai na hango su ta labulen ɗaki. Yana zaune a bakin gado, matarsa na tsaye tana zare masa riga a hankali, shi kuma ya cije leɓe, idonsa a rufe, hawaye na bin gefen hancinsa. Yayana, wanda ya ɗauke ni a kafaɗar nan ya kai ni makaranta. Na koma da baya kamar ɓarawo, na tsaya a waje na ƙirga hamsin, sannan na yi sallama da ƙarfi.

Na tarar da shi ya yafa zani, yana murmushi. Aka kawo shayi. Ɗakin nan na san shi kamar tafin hannuna: gado, kujera ɗaya mai gajeriyar ƙafa da ya yi shekara goma yana cewa zai gyara, da shiryayyen katako a bango inda cajojinsa uku suke jere suna ƙifta ido. Mai jan fentin yana kan na tsakiya.

Na ce, "Yaya, Shidan nan naka."

Ya ajiye kofi. Ya dube ni, irin duban da yake yi wa katako kafin ya sa zarto. Ya ce, "Me ya same shi?"

Na ce, "Ba komai. Na ga fentin ya fara gogewa ne."

Ya ce zai ƙara wani. Muka koma zancen ruwan jiya.

Ina jin haushin kaina har yau in na tuna, haushi mai tsanani. Na gaya wa kaina cewa a gidanmu ƙane ba ya duban idon wansa ya ce masa ka ƙare. Na gaya wa kaina girmamawa ce. Ƙarya nake yi, tsoro ne. Ina tsoron fuskar da zai yi, ina tsoron in zama ni ne na miƙa masa bokitin. Sai na koma 'yan dabaru irin na matsorata. Na sayi Shida na gaske na riƙa yawo da shi a jakata, ban san ma ranar da zan ba shi ba. In na ga uwar katako za ta iya saukowa ba yanka, sai in kawo shawara a kwance ta daga bango. Wata huɗu muka yi a haka. Gidajen da muka samu katakansu farare ne masu laushi, Biyu na ratsa su da ƙyar. Sau biyu na ji ya ɗauke masa a kan ƙananan katakai, sai ya yi kamar yana share gumi ko yana duba bakin zarto, har batirin ya huce. Ba wanda ya lura sai ni, ni kuma na sunkuyar da kai ina gyara igiya.

Sai aka ba mu tsohon sito. Tun da na shiga na ɗaga kai gabana ya faɗi. Uwar katakonsa baƙa ce wuluk, kaurinta ya kai ƙugun mutum, ta bushe shekara da shekaru har ƙusa ba ta shigarta. Muka yi safiya muna yaye kwano, kafin azahar rana ta sauko cikin siton tsaye. Bahago ya yi ta yanka ƙananan katakai da mai jan fentin tun safe, ya ajiye shi a kan dandamali, rana na dukansa. Motar kwashe katako ta iso tana jira a ƙofa. Oga Agogo ya zo ya tsaya a tsakiyar fili, ya dubi agogo, ya dubi sama.

Ya ce, "Bahago, kwana biyun nan kamar ka rage sauri. Lafiya dai ko?"

Bahago ya yi dariya ya ce, "Oga, sa agogonka ka gani."

Muka ɗaure igiya, ni da wani abokin aikinmu da ake kira Ƙato muka kama. Jakata tana gindin ƙafata, Shida na gaske yana ciki, a cike, da sanyinsa. Bahago ya kama tsani. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Yaya!"

Ya juyo. Oga ya juyo. Duk wanda ke wurin ya juyo.

"Menene, Auta?"

Tun daga ranar na ƙirƙiro ƙarya ɗari da zan iya yi a lokacin. Da na ce naka ya sha rana, karɓi wannan. Amma na san abin da zai biyo baya, shi ma ya sani. In ya karɓi na gasken, sai ya ɗaga shi sama da kansa a gaban Oga, a kan katakon da zai ci minti biyu cur, kuma hannun ba zai kai ba. In ya ƙi karɓa, Oga zai tambayi dalili, ya miƙo hannu ya ce mu gani. Ta ko'ina bokiti ne. Ya tsaya a kan tsani yana kallona, kuma a idonsa na ga ya gane na sani, na ga kuma roƙo, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Na ce, "A yi a hankali."

Aka fashe da dariya. Ya ce, "Kun ji mutanen ƙasa, yau ni ake koya wa hankali." Ya haye.

Zarto ya kama da ƙara mai kyau. Garin katako baƙi ya fara zubo masa a fuska. Ina jin igiya na ƙara nauyi a hannuna. Ya kai rabi. Ya wuce rabi. Sai ƙarar ta fara sauka, tana ja kamar mai numfashi da ƙyar, ni kuwa ina ta cewa a zuci ya Allah kaɗan ya rage, ya Allah kaɗan ya rage. Sai ɗif.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. A cikinsa katakon ya yi wani ƙugi, ya cije bakin zarton.

Na kwarma ihu, "Sake shi! Yaya, sake shi!" Dokarsa ce nake maimaita masa. Taku biyu kawai zai yi baya ya tsira. Ya saki zarton kuwa, har ya ɗaga ƙafa. Sai na ga ya tsaya. Zarton yana maƙale a jikin katakon, jan fentin na kallon ƙasa, kuma in katakon ya sauko da shi, Oga ne zai fara ɗauka. Hannun hagu ya riga ya mutu masa, ba ya ɗaguwa. Sai ya saki ƙarfen dandamalin da ya riga ya dafa, ya miƙa hannun dama ta saman bango don ya ɓalle batirin.

Ya ɓalle shi. A daidai nan ragowar katakon ta tsage, ta murɗo, ta danne masa hannun a kan bango.

Ba zan faɗi ƙarar da ya yi ba. Mun ja igiya har fatar tafin hannuna ta saɓule, mutum shida suka hau da ƙarafa suka ɗaga, aka zaro shi. Aka sauko da shi a kwance a kan ƙyauren ƙofa. Batirin kuwa ya faɗo tun farko, ya fashe a kan siminti taku biyu daga ƙafata, soso ruwan ɗorawa ya leƙo ta tsagar. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ana ta salati, ana gudu da yayana zuwa mota, ni kuma na sunkuya na tsince batirin da guntayen soson, na cusa a jakata kafin in bi su. Ko a lokacin abin da na fara yi ke nan.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙashin ya niƙe. Suka yanke hannun daga saman gwiwa. Oga Agogo ya zo asibiti sau uku, ya zauna ya daɗe, ko agogon bai duba ba. Ya ce tsautsayi ne, ya ce kowa ya ga Bahago ya bi ƙa'ida. Da zai tafi ya dafa shi ya ce, "In ka warke ka dawo, ba za a rasa abin yi a ƙasa ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa. Bahago ya ce ya gode, ya juya fuska bango.

A wurin aiki kuma zancen ya zama wani abu dabam. Sati uku bayan haka na ga Ƙato, wanda aka mayar sama, zai hau da Huɗu ya yanka uwar katako. Na fizge zarton na ce ba ka da hankali ne? Ya ce, "To meye amfanin ɗaukar nauyi? Shida ma ai ya ɗauke wa Bahago a gabanmu." Na yi ta masifa kamar zan cinye shi, na tilasta masa ya sa Shida, amma amsar tambayarsa tana cikin jakata, ban fito da ita ba.

Ranar da aka sallamo shi na bari sai da 'yan dubiya suka ragu, sannan na je da rana. Na tarar yana zaune a ƙasa an ajiye masa kwanon shinkafa. Cokali yana hannun hagu, hannun da Baba ya yi shekaru yana bugewa a bakin kwano. Kafaɗar ba ta barin cokalin ya kai baki, sai ya sunkuyo da kai ya tarye shi a hanya. Ya ce wa matarsa ta ba mu wuri. Ta fita ta saki labule.

Ya ce, "Auta, batirin fa?"

Na ce, "Yana wurina."

"Oga ya gani?"

"Ba wanda ya gani."

Ya sauke numfashi. Ya daɗe yana juya cokali a cikin kwano, kwanon na zamewa a kan siminti don ba hannun da zai riƙe shi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar ruwan nan da kake danne leda."

Na ga yana lissafin watannin a ransa. Na jira. Wallahi so nake ya zage ni. So nake ya ce kana gani ka bar ni, ya ce wane irin ɗan'uwa ne kai, ya jefe ni da cokalin. Da ya yi haka da na samu abin riƙewa.

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya cika. Ya ce, "Wata huɗu, ba ka gaya wa kowa ba. Allah ya yi maka albarka, Auta. Ka rufa mini asiri."

Ban iya cewa amin ba. Ya sake sunkuyawa ga cokalin, shinkafar ta zube masa a cinya, kwanon ya ƙara zamewa. Na matsa kusa, na sa hannu biyu na riƙe masa kwanon.